Fankar laftof ɗina na ƙara da zarar na kunna bidiyo a intanet

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina da laftof HP EliteBook 840 G1, ta hannu na saya shekara biyu da suka wuce. Idan ina rubutu a Word shiru kake ji, amma da na shiga YouTube ko na kunna ƙwallo a intanet sai fankarta ta tashi kamar injin markaɗe, gefen hagu ya ɗau zafi. Da daddare nake kallon darussa, ga shi ɗaki ɗaya muke da maiɗakina da jaririnmu, har ta fara cewa in koma tsakar gida. Wani ya ce in canza fanka, wani ya ce in ƙara RAM, wani kuma ya ce in cire wayar fankar gaba ɗaya in huta. Wanne zan bi?" Mai karatu daga Zariya.

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya raya jariri, ya ƙara wa uwargida haƙuri. Wanda ya ce ka cire wayar fanka, ka yi masa godiya ka wuce, kada ka kuskura. Zan dawo kan dalili can gaba.

Idan na fahimce ka, so kake kwamfutar ta yi shiru lokacin kallo ba tare da ka zubar da kuɗi a inda bai dace ba. To rabin amsar tana cikin tambayarka. Ka ce tana shiru a Word, sai an kunna bidiyo take tashi. Fankar da ta lalace, muddin tana juyawa, ko rubutu kake ko kallo za ka ji ƙarar gurzawa. Taka kuwa umarni take bi: an gaya mata ciki ya yi zafi, ta tashi aiki. Don haka abin tambaya shi ne me ke kawo zafin, kuma me ya hana shi fita.

Yadda zafin ke shiga da yadda yake fita

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Yawancin 840 G1 da ke zuwa teburina Core i5-4300U ce a cikinsu, wato zubi na huɗu na Intel, abin da 'yan kasuwa ke cewa 4th gen, fitowar 2013. An ƙera ta don ta ci wuta kimanin wat 15. Duk wutar da ta ci zafi take komawa. A kan furosesar an kwantar da wani siririn bututu na jan ƙarfe da ke jan zafin ya kai shi gefen hagu, inda akwai jerin siraran haƙoran ƙarfe kamar matajin kai. Fanka na zuƙo iska ta ƙasan kwamfutar ta hura ta tsakanin haƙoran, iskar ta kwashe zafin ta fice. Akwai ma'aunin zafi a cikin furosesar, gwargwadon hawansa gwargwadon gudun fanka. Iyakar wannan furosesa digiri 100 ne. Idan ta kusa kaiwa sai ta rage gudun kanta, bidiyo ya fara ciccije, in abin ya ci tura ta kashe kanta.

Kenan hanya biyu ce ke sa ɗaki ya turnuƙe: ko an cika wa murhu itace, ko an toshe tagar da hayaƙi ke fita. A kwamfutoci irin taka da suka kwana biyu a garuruwanmu, sau da yawa duka biyun nake tararwa.

Me ya sa sai bidiyo?

Nan ne mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu masu gyara. Bidiyo ba a shimfiɗe yake zuwa maka ta intanet ba. A matse yake zuwa kamar dilar gwanjo, don kada ya cinye data. Aikin kwamfutarka ne ta kwance dilar ta fito da hoto 30 ko 60 a kowace daƙiƙa. Kuma ɗaurin dilar iri-iri ne. Akwai tsohon ɗauri mai suna H.264 wanda ya fito a 2003. Akwai VP9 na Google, na 2013. Akwai AV1 na 2018. Sababbin sun fi matse kaya, amma sun fi wuyar kwancewa.

A cikin furosesa akwai wani ɗan sashe da ba shi da aiki sai kwance bidiyo, kuma yana yi cikin sauƙi, wuta kaɗan, zafi kaɗan. Matsalar ita ce sai ɗaurin da aka gina shi a kai ya sani, ba a koya masa sabo daga baya. A Intel, tun zubi na biyu na 2011 wannan sashe ya iya H.264. Bai iya VP9 sosai da sosai ba sai zubi na bakwai. AV1 kuwa sai zubi na 11, a 2020. Taka zubi na huɗu ce, H.264 ta sani. Shi kuma YouTube VP9 ya fi son turowa, wani lokaci AV1, domin su suka fi rage masa kashe kuɗi. Da ɗaurin da ɗan sashen bai sani ba ya iso, sai aikin ya faɗa kan furosesar kanta, ta yi shi da ƙarfin tuwo. Ƙarfin tuwon nan shi kake ji yana fitowa ta gefen hagu.

Za ka iya ganin wannan da idonka cikin minti biyu. Kunna bidiyo a YouTube, ka danna ɓangaren dama na linzami a kan hoton, ka zaɓi Stats for nerds. Wani ɗan baƙin akwati zai fito, ka nemi layin Codecs. Idan ka ga avc1, H.264 ne. Idan vp09 ne ko av01, to ga ɓarawonka. Sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, ka shiga Performance. Duba CPU, wato furosesa, sannan ka duba GPU, wato sashen hoto, inda aka rubuta Video Decode. In CPU na lilo a sama da rabi, Video Decode kuma na kwance a sifili, ɗan sashen barci yake, furosesa ke ɗaukar dakon. Masu HP Folio 9470m da sauran zubi na uku ba za su ga GPU a wannan shafin ba, sai su wadatu da kallon CPU.

Magani na farko kyauta ne: rage girman bidiyon. Da yawan 840 G1 allonsu 1366 a 768 ne. Bidiyon 1080p ɗigo fiye da miliyan 2 ne a kowane hoto, na 720p bai kai miliyan 1 ba, na 4K ya haura miliyan 8. Idan allonka bai fi ɗigo miliyan 1 da 'yan kai ba, ka sa 1080p, ka sa kwamfuta ta kwance kaya ninki biyu ne sannan ta zubar da rabi. Ka danna alamar saiti a ƙasan bidiyon, ka zaɓi 720p, kuma in da zaɓi ka guji wanda aka rubuta 60 a gabansa, wato hoto 60 a daƙiƙa. Darasin da malami ke tsaye gaban allo yana bayani, 480p ma ta isa muddin rubutun na karantuwa. A wurin ne kuma za ka ga Ambient mode, wannan hasken da ke yawo a gefen bidiyo idan shafin na kan baƙin launi. Kashe shi, ado ne kawai.

Na biyu shi ne wanda na fi ganin amfaninsa a tsofaffin kwamfutoci. Akwai wani ɗan ƙari da ake sa wa Chrome ko Edge ko Firefox mai suna h264ify, da ƙaninsa enhanced-h264ify. Aikinsa ɗaya ne: ya sa YouTube ya turo H.264 maimakon VP9 da AV1. Ka sauko da shi daga rumbun burauzar kanta, ba daga wani shafi da aka turo maka a WhatsApp ba. Bayan ka sa, ka sake loda bidiyon ka duba Codecs, ya kamata ya koma avc1, Video Decode ya farka, CPU ya sauko. Abin da za ka rasa shi ne ba za ka ga zaɓin da ya wuce 1080p ba, wanda dama ba ka buƙata, kuma datarka za ta ɗan fi tafiya a kan girman hoto ɗaya. Shi ya sa nake haɗa shi da rage girman.

Idan ka yi haka Video Decode bai motsa ba, duba wuri biyu. A saitin Chrome, ƙarƙashin System, a tabbata Use graphics acceleration when available na kunne. Sannan ka buɗe Device Manager ka duba Display adapters. Intel HD Graphics ya kamata ka gani. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, direban hoto ne babu, wato manhajar da ke haɗa Windows da sashen hoto, kuma in babu shi ɗan sashen nan kamar babu shi ne. Wannan na yawan faruwa bayan an yi wa kwamfuta fomat a gurguje ba tare da intanet ba. Wani ɗalibi ya taɓa kawo min tasa, ya riga ya sayi fanka sau biyu a wani wuri, tsofaffin na cikin leda a jakarsa, lafiyarsu ƙalau. Direba kawai muka sa. Yana zaune a kan benci ya kunna wa'azin da yake saurare, yana ta kai kunne gefen kwamfutar yana tambaya ko na kashe fankar ne.

Waɗanda ke tashi da ka jona intanet

Akwai wani abu da ya shafe mu nan musamman. Yawancinmu kwamfutarmu ba kullum take kan intanet ba. Sai za mu yi kallo muke kunna hotspot na waya. To da ta ji intanet, duk waɗanda suka yi kwana da kwanaki suna jira sai su taso lokaci guda: Windows Update, mai gadin ƙwayoyin cuta na Windows, OneDrive, Chrome kansa. Kai kana zargin bidiyo, alhali bayan fage ana sauke kaya ana girkawa. A Task Manager, shafin Processes, ka danna kan CPU don ya jera su daga mai ci da yawa, za ka ga ko waye. Maganinsa ka shiga saitin Wi-Fi ɗin da ka jona ka kunna Metered connection. Windows zai dakatar da yawancin saukale-saukalensa, datarka ma ta huta. Amma kada ka bar ta haka har abada, ka ware rana ka bar ta ta sabunta kanta.

Sai maganar ƙwallo. Shafukan nan da ake kallon wasa kyauta, waɗanda sai ka rufe taga biyar kafin ka ga fili, bidiyon ne mafi sauƙin abin da ke cikinsu. Tallace-tallace ne ke gudu ta ko'ina, wasu a ɓoye, kuma an sha kama irin waɗannan shafuka suna amfani da furosesar mai kallo suna haƙar kuɗin kirifto. A cikin Chrome ka danna Shift da Esc, zai nuna maka abin da kowane shafi ke ci. Gaskiya a irin wannan kallon ba ni da dabarar da za ta sa fanka ta yi shiru sosai. Rufe sauran shafuka na ragewa, shi ke nan.

Ƙura

Yanzu mu koma tagar hayaƙi. Ka ce shekara biyu tana hannunka. Hunturu biyu kenan ta sha a Zariya, bayan shekarun da ta yi a hannun mai ita na farko. Ina kyautata zaton ba a taɓa buɗe ta ba. Ƙurar hazo laushi gare ta kamar fulawa, fanka na zuƙo ta tare da zaren bargo da gashi, su je su maƙale a bakin haƙoran nan ta ciki, inda ba ka gani. A hankali sai su saƙa wani abu kamar audugar katifa. Na sha sa ɗan hantsaki in ɗago shi ɗungurungum, tsawon ɗan yatsa, toka-toka, da shatin haƙoran a jikinsa. Mai kwamfuta ya kalla ya ce, "Wannan a ciki yake?" Da irin wannan a hanya, fanka na gudu iya ƙarfinta amma iskar komawa take yi.

Gwajin mai sauƙi ne. Lokacin da take ihun, kai bayan hannunka bakin ramin hagu. Iska mai ɗumi mai ƙarfi na nufin hanya a buɗe take, aiki ne ya yi yawa, ka koma kan maganar bidiyo. Ƙara da yawa, iska kaɗan, mai zafin gaske, toshewa ce. In kana son ganin lambar zafin, sa manhajar Core Temp ko HWMonitor, kyauta ne. A ƙa'idar da nake aiki da ita, lokacin kallon bidiyo digiri 60 zuwa 75 ba abin damuwa ba ne. In tana zaune a 90 ko sama da haka, a buɗe ta.

Sa'arka ɗaya, murfin ƙasan 840 G1 da sakata yake, turawa ake yi ya zame. Ka kashe ta, ka zare caja, ka cire batir. Ka sa tsinken sakace ka tokare fukafukan fankar don kada su juya, sannan ka goge da busasshen burushin haƙori mai laushi, ka hura. Tokarewar nan ba wasa ba ce. Na ga masu sa bulowa mai ƙarfi a ramin su bar fankar na juyawa tana kuka kamar jiniya, suna jin daɗi. Gudun da ya wuce ƙa'ida na cinye gindin fankar, mako biyu ta fara gurzawa. Kuma hura iska daga waje kawai sau da yawa tura audugar yake ciki, ta dunƙule ta shige cikin fukafukan. Ciro ta ake yi. In ka ga sai an kwance abubuwa da yawa kafin a kai wurin, ko hannunka bai saba da ƙananan notuna ba, kai wa mai gyara, ka tsaya a kansa ka ga abin da aka ciro.

Tunda an buɗe, a canza man da ke tsakanin furosesa da jan ƙarfen, wanda muke kira thermal paste. Na kamfani da ya haura shekara goma ya bushe ya zama kamar alli, ba ya miƙa zafi. A goge tsohon tas, a sa sabo kamar ƙwayar shinkafa, a ɗaure notunan bi da bi kamar yadda aka sa musu lamba. Ba man goge baki ba, don Allah. Na taɓa buɗe wata na ji ƙamshin na'ana'a.

Sai wurin zama. Ban tambaye ka ba amma na sani: mai kallo da daddare a ɗakin da iyali ke barci a kan katifa yake ɗora ta, ko a kan filo a cinya. Ta ƙasa take shaƙar iska, katifa kuma toshe ramukan take. Faranti ko katako ko babban littafi mai ƙarfin bango ya isa. Ka sa murfin gorar ruwa biyu a ƙarƙashin bayanta ta ɗan ɗaga. Faifan sanyaya da ake sayarwa mai fanka a ciki yana ɗan taimakawa, amma mafi yawan amfaninsa ɗagawar ce, kuma masu arha suna zuwa da tasu ƙarar. Kai da ke neman shiru, fara da murfin gora.

Saiti biyu da ke rage ƙara

Furosesarka gudunta na asali 1.9 GHz ne, amma da ta ga aiki takan zabura har 2.9. Zaburar nan ce ke sa fanka tashi farat ɗaya ta sauka ta sake tashi, kuma irin wannan hawa da saukar ta fi tayar da mai barci a kan ƙara mai ɗorewa. A Control Panel ka shiga Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, ka nemi Processor power management, ka mai da Maximum processor state daga 100 zuwa 99, a batir da kuma a caja. A yawancin kwamfutocin Intel na wannan zamanin, wannan ɗaya da ka rage yana hana zaburar. Za ta ɗan yi nauyi wajen buɗe manyan abubuwa, ga kallo kuwa ba za ka ji bambanci ba, da sharaɗin ka riga ka gyara maganar H.264. In ba ka gyara ba, ka rage wa mai dako ƙarfi ne kaya na kansa, bidiyon zai dinga tsayawa.

Ɗayan a BIOS yake, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi. Da ka kunna kwamfutar ka dinga danna F10. A irin waɗannan HP akwai zaɓin Fan Always On while on AC Power, wanda ke sa fanka juyawa muddin caja na jone ko da babu zafi. Cire masa alama ba shi da haɗari, fankar za ta tashi da kanta idan zafi ya zo. Kada ka taɓa wani abu daban a can.

Shawarwarin da aka ba ka

Canza fanka sai in ita ce ta lalace, kuma kunne ke ganewa. Huuu na iska lafiya ce. Ƙarar gurzawa, ko kaɗawa kamar an sa tsinke a sifokin keke, ko ƙarar da ke canzawa idan ka karkata kwamfutar, gindinta ya ci. Ɗiga mata mai na iya kai ka wata ɗaya ko biyu, daga nan man ya kama ƙura ta fi da muni. A sayi wata, ta wannan samfurin ba ta wuyar samu. RAM kuwa, in 4GB gare ka ƙarawa zuwa 8 zai sa Chrome ya daina jan ƙafa, kuma gurbi biyu gare ta, DDR3L take ci. Amma RAM ba ya kwance bidiyo kuma ba ya share ƙura, kada ka saya da niyyar shiru. Cire wayar fanka kuwa, da ka kunna HP za ta tare ka da saƙon System Fan 90B. In ka matsa ka wuce, za ta yi zafi ta rage gudu ta mutu a tsakiyar kallo, batirin da ke kwance kusa yana gasuwa kullum har ya kumbura.

Ban riƙe kwamfutarka a hannu ba, daga bayaninka nake hasashe, kuma zai yiwu a buɗe a tarar bututun jan ƙarfen ne ya mutu, wanda ba ya jan zafi ko an sa sabon mai. Yakan faru, alamarsa furosesa na tafasa amma haƙoran bakin rami da sanyinsu. Sannan kada ka sa ran shiru ɗif a watan Afrilu. Fanka da iskar ɗaki take sanyaya ƙarfe, in ɗakin kansa ya doshi digiri 40 ga babu wuta, dole ta yi gudu fiye da yadda take yi a Disamba.

Ga darussan dare, abin da nake yi wa kaina shi ne in sauke su da rana inda aka ba da damar saukewa, a 720p, in kalla da manhajar bidiyo ta VLC bayan na kashe Wi-Fi. Babu burauza, babu talla, babu mai sabunta kansa a bayan fage. In ka gwada duk wannan tana nan da halinta, turo min abu uku: abin da layin Codecs ya nuna, lambar CPU lokacin kallo, da zafin da Core Temp ya kai bayan minti goma. A gaida uwargida.